Yadda ƙaramin ɗakin girki zai ɗauki abincin wata shida ba tare da ya cushe ba

A garin Ambursa, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ana ganin gidaje iri biyu suna maƙwabtaka da juna. Akwai gidan gado mai zaure da faffaɗar tsakar gida, inda murhu yake ƙarƙashin rumfa, turmi a gindin bishiya, hatsi kuma a rumbu. Akwai kuma gidan bulo na zamani, ciki da falo, wanda aka yanka masa ɗakin girkin da mutum biyu ba sa iya gilmawa a cikinsa sai ɗaya ya raɓe.

Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa suke ta ƙaruwa, gari yana faɗaɗa, gine-gine suna miƙewa ta Gwadangaji zuwa wajen Ambursa, inda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake. Mai gina gidan haya yakan ba falo da ɗakin kwana fili, abin da ya rage shi ake kira kicin.

Matsalar ta wuce ta ƙunci kawai. Wannan yanki na fadamar Rima ƙasar shinkafa ce, ana noma ta damina da rani. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, kuma a Argungu aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017. Magidancin da ke rayuwa da albashi ya san cewa sayen buhu lokacin kaka ya fi awon mudu-mudu sauƙi. To amma buhun da aka jingine a ƙasan kicin, kusa da wurin wanke-wanke, yakan zama rabon ƙwari da ɓera da laima kafin a kai rabinsa. Ribar da aka ci a kasuwa sai a yi asararta a gida.

Inda kakanni suke ajiya

Madafin gargajiya bai taɓa zama babba ba. Abin da ya sa bai cushe ba shi ne ba a ɗora masa dukkan nauyin ajiya. Hatsin shekara yana rumbu, uwargida tana karɓar awon da za a ci. Ruwa yana randa. Ƙwarya da nono da sauran tuwo suna ragaya, an rataye su sama inda kaza da kyanwa da yaro mai rarrafe ba sa kaiwa. Ludayi da muciya da maburgi ana soke su a jikin zana ko a ƙarƙashin jinka. Kwanukan jere kuwa a ɗakin amarya suke, ba a madafi ba.

Darussa biyu ne a nan. Na farko, a raba abincin ajiya da abincin yau. Na biyu, abin da za a iya ratayewa kada a ajiye shi a ƙasa. Sabon kicin ya haɗa aikin rumbu da ragaya da randa da madafi a ɗaki guda, shi ya sa ya gaza.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka fuskanci wannan ba. A 1926, lokacin da birnin Frankfurt na Jamus yake gina wa ma'aikata gidaje masu araha, wata mai zanen gine-gine 'yar Austriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ɗakin girki mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4. Ta auna zirga-zirgar mai girki, ta mayar da ajiya jikin bango, ta yi wa gari da shinkafa da sukari ƙananan mazubai masu suna a jiki. An gina irinsa kusan 10,000, kuma daga gare shi kicin mai kabad a bango ya yaɗu a duniya. Dabarar tata ba ta yi nisa da ta ragaya ba.

Bango ya fi ƙasa fili

A ɗauki misalin kicin mai mita 2 kowane gefe. Filin ƙasansa murabba'in mita 4 ne, kuma ƙofa da wurin wanke-wanke da wurin tsayuwa sun cinye fiye da rabi. Amma idan tsayin ɗakin ya kai mita 3, bango guda ɗaya yana da murabba'in mita 6. Kanta uku, kowace mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 30, za su ba da wurin ajiya na murabba'in mita 1.8, wato kusan rabin filin ƙasan gaba ɗaya, ba tare da an taɓa wurin taka ƙafa ba.

Faɗin kanta yana da muhimmanci. Idan ya wuce santimita 30, kaya sukan ɓuya a baya har a manta da su, mai girki kuma ta riƙa buga kai. Tsakanin teburin aiki da kanta ta farko a bar kimanin rabin mita, domin tukunya ta samu wurin buɗewa. Teburin kansa ya kai santimita 85 zuwa 90 daga ƙasa, gwargwadon tsayin mai aiki a kansa.

Jera kayan kuma yana da ƙa'ida. Abin da ake taɓawa kullum, kamar gishiri, daddawa, kuka, barkono da mai, ya zauna tsakanin ƙugu da ido. Abu mai nauyi, kamar manyan tukwane da turmi, ya zauna ƙasa. Abu marar nauyi da ba a nema sai da salla ko suna, kamar manyan kuloli da faranta na baƙi, shi ne na can sama.

Sandar ƙarfe guda da aka kafa a bango, da ƙugiyoyi biyar ko shida, ta isa ta ɗauke ludayi, mara, matankaɗi, rariya da kaskon suya. Bayan ƙofa ma fili ne: faifai da murafen tukwane da tsumman goge hannu suna iya zama a can. Albasar Aliero ba ta son leda, iska take so, don haka kwando ko raga da aka rataye a wuri mai inuwa ya fi mata. Kada a haɗa ta da dankalin Turawa a mazubi guda, domin suna hanzarta lalacewar juna.

Sai dai bulon siminti rami ne a cikinsa, ƙusa ita kaɗai ba ta riƙe nauyi. Kanta mai ɗaukar kwalabe da gwangwanaye tana buƙatar a huda bango, a sa roba a ramin, a ɗaure maƙalar ƙarfe da sukuru. Kafin a huda, a lura da inda wayar lantarki da bututun ruwa suka bi, galibi a miƙe sama ko ƙasa da makunni da famfo.

Buhu ba ya zama a kicin

Babban abin da ke cinye fili shi ne buhu, domin ba a ɗora komai a kansa, ba ya tsayuwa daidai, kuma bakinsa a buɗe yake. Buhun shinkafa mai kilo 50 yana cin kimanin lita 60. Ma'ana, bokitai uku masu lita 20 da ɗan ƙari za su ɗauke shi, kuma bokitai masu murfi suna hawa kan juna a lungu guda. Sharaɗin shi ne a yi amfani da sababbi ko waɗanda abinci suka ɗauka, ba waɗanda suka taɓa ɗaukar fenti, fetur ko maganin feshi ba.

Bokiti ɗaya kawai ya kamata ya zauna a kicin. Sauran su tafi wuri mafi sanyi da bushewa a gidan: sito in akwai, ko lungun baranda, ko ƙarƙashin matakala. A ɗora su a kan katako ko bulo, a ɗan janye su daga bango, domin laimar watan Agusta ta ƙasa da bango take shiga.

Wake ya fi kowane hatsi saurin yin ƙwari. Maganinsa hana shi iska. Jarka mai lita 25 tana ɗaukar kimanin kilo 20, kuma idan aka cika ta maƙil da busasshen wake aka ɗaure murfi tam, ƙwarin da ke ciki sukan cinye iskar da ta rage su mutu. Wannan ita ce hikimar buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu tun daga 2007. Dabarar tana aiki ne idan hatsin ya bushe sosai kuma ba a buɗewa kullum. Saboda haka a ɗebi na mako biyu a ƙaramin mazubi, a bar sauran a rufe.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne zuba maganin ƙwari a cikin abinci. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan amfani da Sniper wajen adana wake, kuma ƙwayar da 'yan kasuwa ke jefawa a rumbunan hatsi tana fitar da iska mai kisa idan aka sa ta a gidan da mutane ke kwana.

Murfi mai kyau kariya ce daga cuta kuma. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci, kuma ya fi tsananta da rani. Kicin da aka ɗage kayansa daga ƙasa ana iya share shi lungu-lungu, ɓera ba ya samun maɓoya. Busasshen kifin Argungu ko na Yawuri, wanda ƙamshinsa ke kiran ɓera daga nesa, a tabbatar ya bushe ƙarau, a rufe shi a gwangwani, a riƙa fito da shi rana lokaci-lokaci.

Zafi, ƙura da wuta

A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, kuma iska mai zafi sama take taruwa. Kantar da ke dab da rufin kwano ba wurin man gyaɗa ko manja ko madarar gari ba ce, domin zafi yana sa mai ya yi ɗaci. Haka ma kantar da ke saman murhu. Da hunturu kuwa ƙura ce matsalar, don haka abin da ke kan buɗaɗɗiyar kanta ya zama a kwalba mai murfi, kwanuka kuma a kife.

Gidan da ba shi da firji, ko wanda wutar lantarki ba ta zama, yana iya amfani da tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir da tattasai da alayyafo sukan ƙara kwanaki a ciki. Wurinta baranda mai inuwa da iska, don haka ba ta cin filin kicin.

Akwai wuri guda da neman fili ke jawo haɗari, wato tukunyar gas. Mutane da yawa sukan tura tukunya mai kilo 12.5 cikin kabad su rufe don a samu sarari. Iskar gas ta fi iskar shaƙa nauyi, idan ta yi yoyo ƙasa take kwanciya, ta taru a rufaffen wuri har sai ta haɗu da ashana. Tukunyar ta tsaya a miƙe, a wuri mai iska, nesa da harshen wuta. In da hali a fitar da ita waje cikin kejin ƙarfe mai inuwa, a shigo da tiyo ta bango, a samu tsaro da fili a lokaci guda. Taga kuma kada a toshe ta da kanta ko kwali. Kurfotin gawayi wurinsa waje, domin hayaƙinsa marar wari yana kisa a rufaffen ɗaki.

Ɗan haya da mai jiran canjin wurin aiki

Ma'aikacin da yau yake Birnin Kebbi, gobe a tura shi Zuru ko Yawuri, ba zai so ya zuba kuɗi a bangon wani ba, kuma ba kowane mai gida ne ke yarda a huda masa gini ba. Mafita ita ce kanta mai tsayuwa da ƙafarta. Mai walda zai haɗa ta da ƙarfe mai kusurwa, hawa huɗu ko biyar, a ɗaure da noti maimakon a like, yadda za a kwance ta ranar tashi. Ƙarfe ya fi katako a inda gara take, kuma ya fi allon da aka matse daga garin katako, wanda ke kumbura da zarar ruwa ya taɓa shi. A bar tazarar kamu guda tsakanin hawan farko da ƙasa domin tsintsiya ta shiga. A gidan da ke da yara, a ɗaure samanta da bango ko da ƙarfen taga don kada ta rikito.

Kafin a kira kafinta ko mai walda, akwai aikin da ba ya cin ko sisi: a fito da komai tsakar gida a raba shi uku, na kullum, na lokaci-lokaci, da wanda shekara ta zagayo ba a taɓa ba. A gidaje da yawa kashi na ukun kayan aure ne, saitin tukwane da kuloli da ke cikin kwalayensu tun ranar jere. Ba dole ne a rabu da su ba, amma saman kabad ɗin tufafi ko ƙarƙashin gado ya fi dacewa da su. Bayan nan ne za a auna bango, a auna tukunya mafi tsawo da bokitin shinkafa, a rubuta awon a takarda a kai wa mai aiki, domin kantar da aka yi da ƙiyasi takan zo ta kasa ɗaukar abin da aka yi ta dominsa.