Furen da Muke Takawa Ba Mu San Sunansa Ba

A tsakiyar daminar bana wani ɗalibina ya kawo mini hotunan da ya ɗauka da wayarsa a bakin kwalbati, bayan ɗakin karatunmu. Na daɗe ina kallo kafin na gane cewa ciyawar nan ce da yara ke yanko wa zomaye, wadda masana ke kira Tridax procumbens, asalinta daga tsakiyar nahiyar Amurka. Ya ce da sassafe ya durƙusa, kafin iska ta taso, domin idan an matsa kusa haka, motsi kaɗan ya isa ya ɓata hoto.

Abin da hoton ya fallasa shi ne, abin da ido ke ɗauka fure guda, alal haƙiƙa tarin furanni ne. Ƙwayar nan rawaya ta tsakiya 'yan mitsi-mitsin furanni ne gommai a cunkushe, kowanne da bakinsa, sannan fararen da ke kewaye da su kowanne da haƙora uku. Haka dukkan danginta suke, har da shuwakarmu ta miya da ƙashin yawo. Turawan Ingila na kiran 'yar uwarta ta ƙasarsu deizi, kalmar da asalinta ke nufin "idon yini", saboda takan buɗe da safe ta rufe da dare.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Na nuna hoton a aji, na nemi sunanta da Hausa, aka yi tsit. Ni kaina, mai taƙama da digiri na uku a kimiyyar harshe, inda-inda na yi. Alhali tun 1916 Likita Dalziel ya wallafa littafi sukutum na sunayen tsirrai da Hausa, waɗanda ya tattara a ƙasar nan. A ganina Bahaushe bai cika raɗa wa tsiro suna don kyan furensa ba, sai don amfaninsa ko cutarwarsa, shi ya sa da zarar an daina zuwa gona da kiwo, sunan kan bi su.

Na sa ɗalibin ya wanko hoton. Ranar Juma'a zan kai wa gwaggona a ƙauye, kodayake idonta ya fara rauni, don haka zan tsinko ciyawar ma in riƙa mata.