Makahon da ya koya wa mota riƙe gudu

A jikin sitiyarin motoci da yawa, har da na Kwatano, akwai maɓallin da aka rubuta CRUISE, wanda wasu direbobin har su sayar da motar ba su taɓa danna shi ba. Makaho ne ya ƙirƙiro wannan na'ura. Ralph Teetor, injiniya a jihar Indiyana ta Amurka, tun yana yaro ya rasa ganinsa. An ce tuƙin lauyansa ne ya ishe shi: in yana magana sai ya sassauta, in yana sauraro sai ya taka totur. Mai ido zai shagala da kallon hanya, amma wanda ke jin mota da jikinsa duk wata fizga a kansa take ƙarewa. A 1950 ya samu takardar mallakar fasahar, a 1958 kuma Chrysler ya fara sa ta a motocinsa.

Ka kai gudun kilomita 100, ka danna, ka ɗauke ƙafa. Mota ta kama hawa gudu ya fara sauka, na'urar ta ƙara mai. An gangaro, ta rage. Da ka taɓa birki ta sakar maka. Iyakar saninta ke nan. Ko tirela ce tsaye a gabanka, ba ruwanta.

Ido daga baya ya zo. A 1999 Mercedes ya sa radar mai auna tazarar motar gaba, in waccan ta lafa taka ma ta lafa. Sai kuma kyamarar da ke manne a gilashin gaba, wadda ke bin farin layin kwalta tana ɗan murza sitiyari kada mota ta kauce. Wannan kam sai inda aka shafa layin, kuma hazon hunturu bai rufe shi ba.

Suna ne ke ruɗar mutane. Kamfanin Tesla ya kira nasa tsarin Autopilot, wato mai tuƙa kansa, alhali doka da kamfanin duk sun bar alhakin tuƙi a wuyan direba. A watan Mayun 2016, a Fulorida, wata tirela ta gitta gaban motar Tesla da ke tafiya da Autopilot. Kamfanin ya ce na'urar ta kasa rarrabe farin jikin tirelar da hasken sama. Direban ma bai taka birki ba, motar ta kutsa ta ƙarƙashi, ya rasu nan take.