Aikin Gwamnati: Kafin Ki Ce "Sai Da Hanya"

'Yan uwana mata, musamman ƙannena da suka gama sakandare suna zaune a gida, da waɗanda ke ajin ƙarshe. A wannan fitowar mun ɗan ajiye zancen lalle da girki, mun ɗauko zancen jarrabawar ɗaukar ma'aikata, domin kuwa duk sanda aka ce gwamnati ta buɗe fom sai ka ji magana guda a bakin 'yan mata, a gidan biki ne ko a hanyar Islamiyya: "Ke rabu da su, ai sai da hanya."

To, ba zan ce ƙarya suka yi ba. Akwai alfarma a ƙasar nan, kowa ya sani, har yaron goye. Sai dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da yawa daga cikin masu wannan magana ba rashin hanya ne ya kayar da su ba. Wata tun a wajen tantance takardu aka sallame ta, wata kuwa ta zauna gaban kwamfuta hannunta na rawa har lokaci ya ƙare. Idan sun dawo gida sai a jingina wa rashin uwa a gindin murhu, a huta. Hanya ba a hannunki take ba, amma takardunki da karatunki suna hannunki, kuma a kansu za mu tsaya.

Ki fara sanin irin cunkoson da za ki shiga. A shekarar 2025, hukumar da ke ɗaukar ma'aikata wa Shige da Fice, da Sibil Difens, da Gidajen Gyaran Hali, da 'yan Kwana-kwana ta buɗe fom na gurbi kimanin dubu 30, sai ga mutane kusan miliyan 2 sun cika. A irin wannan taro ba wanda ke da lokacin ya ji uzurinki, dalilin rage mutane ake nema. A waccan ɗaukar an nemi shekara 18 zuwa 35, kuma tsayin mace kada ya gaza mita 1.60. 'Yan sanda su sun fi tsauri: ga mai neman kurtu da takardar sakandare, shekara 18 zuwa 25, tsayi mita 1.64, da kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Tela ma zai iya auna ki da tef, saboda haka ki san tsayinki tun kafin ki kashe kuɗin mota. Mai takardar sakandare kan fara daga mataki na 3 ko na 4, mai NCE ko ƙaramar difloma mataki na 6, mai digiri mataki na 8. Kowace sanarwa da nata sharuɗɗan, don haka ki karanta ta da idonki, kada ki dogara da "an ce".

Yanzu ki tashi ki buɗe akwatin nan da ake ajiye takardu, ki shimfiɗa su duka a kan tabarma: takardar firamare, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, takardar indijin ta ƙaramar hukuma, da silif ɗin NIN. Ki karanta sunanki a kowace ɗaya, harafi bayan harafi. A nan ne mu mata muke shan kashi. Alal misali, hedimasta ya rubuta Aishatu, a sakandare kika koma Aisha, a wajen NIN kuma aka buga A'isha. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata sunan garinku. Wadda ta yi aure kuwa wani lokaci ta ɗora sunan maigida a katin banki, don soyayya, alhali duk takardun makarantarta na ɗauke da sunan Baba. Mu a gida mun san mutum ɗaya ce, amma jami'in tantancewa mutum uku yake gani a gabansa. Haka zancen ranar haihuwa. Da yawanmu wani ne ya cika mana fom a makaranta ya sa mana 1 ga Janairu, daga baya muka je muka faɗi wata ranar daban. Gyaran irin wannan na bukatar takardar rantsuwa daga kotu, wani sa'in har da buga sanarwa a jarida, gyaran NIN kuma yana cin kuɗi da makonni. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, to wannan gorar tun yanzu ake fafe ta, tun ba a buɗe fom ɗin ba.

Takardar indijin kuwa kada ki raina ta. Tsarin mulkin 1999 ya wajabta raba ayyukan tarayya tsakanin sassan ƙasa, kuma tun 1996 akwai hukumar da aka kafa don sa ido a kan haka. Ma'ana, mafi yawan gogayyarki da 'yan jiharku ce, wani lokaci ma 'yan ƙaramar hukumarku. Wannan gata ne gare mu, amma idan ba mu cika fom ba, ko mun cika mun faɗi, ba mu da bakin kuka.

Idan kin je shagon intanet cika fom, ki zauna kusa da yaron shagon ki ga abin da yake bugawa. Ki ba shi lambar wayarki da imel ɗinki, naki na kanki, wanda kin san lambobin sirrinsa. Sau da yawa yaran nan kan sa nasu don sauri, sai saƙon gayyata ya zo musu, ke kuwa kina gida kina jiran tsammani har jarrabawa ta wuce. Kada kuma ki cika sau biyu wai don ƙara sa'a, domin a ɗaukar 2025 an faɗa ƙarara cewa wanda ya nemi fiye da hukuma ɗaya ya fita.

Ita jarrabawar kanta, a gaskiya ba ta kai WAEC zafi ba. Turanci ne, da Lissafi, da tambayoyin sanin ƙasa da al'amuran yau da kullum, duka na canki-canka. Abin da ke kayar da mutane shi ne agogo. A ce an ba ki tambaya 50 a minti 30, kin ga kowace tambaya daƙiƙa 36 ke nan, ba damar tauna biro. Lissafin ma irin na kasuwa ne. An sayo atamfa Naira 800 an sayar Naira 1,000, kashi nawa aka ci riba? Mai gaggawa za ta zaɓi 20, don ta raba 200 da 1,000, kuma za ta tarar da 20 ɗin na jiranta cikin amsoshi. Amsar ita ce 25, domin da kuɗin saye ake auna riba. Littafin Lissafinki na ƙaramar sakandare ya ishe ki, in dai za ki riƙa yin tambayoyi kullum da agogo a gefe, ko da bayan sallar Asuba ne kafin a ɗora koko.

Sai ki yi hattara da littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a bakin titi. Suna da amfani wajen sanin salon tambaya, amma wasu amsoshinsu sun tsufa. Taken ƙasa da muka rera a makaranta an sauya shi a watan Mayun 2024, an koma wa na lokacin samun 'yanci. Ranar Dimokuraɗiyya ta tashi daga 29 ga Mayu ta koma 12 ga Yuni tun 2019, kuma a 2019 ɗin ne aka sauya wa Hukumar Gidajen Yari suna ta koma ta Gyaran Hali. Wasu abubuwan kuma suna nan daram, ki haddace su kamar karatun allo: jihohi 36, ƙananan hukumomi 774, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360. An haɗe Kudu da Arewa a 1914, an ƙirƙiri Katsina a 1987, Jigawa da Kebbi da Yobe a 1991, Zamfara da Gombe a 1996, an mayar da babban birni Abuja a Disambar 1991. Ki san sunan shugaban hukumar da kike nema, da aikinta. Labaran rediyo da Baba ke saurare da magariba, ki daina tashi idan an fara.

Kwamfuta kuwa ba dodo ba ce. Hukumar JAMB ce ta shirya wa masu neman aikin ɗan sanda jarrabawarsu a 2018 da 2024, kuma wadda ta taɓa zama JAMB ta san tsarin: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Wadda ba ta taɓa ba, ta biya kuɗin awa biyu ko uku a shago, ta riƙe linzamin kwamfuta har hannunta ya saba. Latsa waya daban, wannan daban. Idan tambaya ta gagare ki ki wuce ta, ki dawo daga baya, kuma kada ki taɓa S sai kin tabbata kin gama.

Akwai kuma masu cin kasuwa da halin da muke ciki. A ranar 15 ga Maris 2014, mutane fiye da rabin miliyan da kowannensu ya biya Naira 1,000 suka yi dafifi a filayen wasa don neman aikin Shige da Fice, gurbin kuwa bai kai 5,000 ba. Aka yi turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, mutane sama da 15 suka rasu, cikinsu har da mata. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. Fom ɗin waɗannan hukumomi a ɗaukar 2025 kyauta ne, saboda haka duk wanda ya kira ki ya ce yana da gurbi a hannu, a kawo dubu ɗari kaza, ki sani ɗan damfara ne. Iyaye mata nawa suka sayar da ɗan kunne da akuya, aka ba su takardar kama aiki ta jabu? Wani ma ba kuɗi zai nema ba, cewa zai yi ki same shi a masauki ki kawo takardunki. Ƙanwata, wannan ko da rakiya kada ki je.

Maganar da 'yan mata ke ɓoyewa ita ce ta gida. Aikin kaki yana da horo na watanni a makarantar kwana, kamar makarantar Shige da Fice da ke Kano ko kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, bayan nan kuma ana iya tura ki wata jihar. A sanarwar 'yan sanda har an rubuta cewa ba a ɗaukar mai juna biyu. To ki zauna da Baba da Inna tun kafin ki cika fom, in da hali ki sa yayanki ko kawu a maganar. Wanda ke zuwa zance ma ki faɗa masa, ki ji ta bakinsa tun ba a kawo kuɗin gaisuwa ba. Idan ya ce shi matarsa ba za ta sa kaki ba, gara ki ji yanzu, ki san wanda za ki zaɓa, da a ce sunanki ya fito ana saura wata guda biki, gida biyu su rikice. Idan kakin ne matsalar, akwai koyarwa da aikin asibiti da na ofis a jiha, su ma da tasu jarrabawar, kuma wannan shirin dai shi ne zai yi miki.

Ana gobe jarrabawa ki je ki ga wurin da idonki, ki san kuɗin mota da tsawon tafiyar. Ki buga takardar gayyata kofi biyu, ki haɗa da katin shaida da hotunan fasfo a cikin leda saboda ruwa. Ki karya kumallo da abu mara nauyi, ki isa da awa guda kafin lokaci, domin layin tantancewa kan yi tsawo. Idan za a ɗauki hoton yatsa, a ɗan haƙura da jan lalle a wannan makon, saboda wani lokaci na'urar kan yi gardama da yatsan da ya sha ƙunshi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.