Daga Abuja zuwa Mubi: Yadda ake gane ciwon furen okid tun kafin ya mutu

Duk wanda ya saba shiga ofisoshin manyan jami'ai a Abuja ya san furen nan mai dogon kara da ke sunkuyo da fararen furanni, ko masu ruwan hoda, a kan teburin baƙi. Sunansa okid. Kyauta ce ta girmamawa, ana kai wa wanda aka ƙara wa girma, ana kai wa wanda ya yi ritaya, kuma sau da yawa hadimin da ya sayo shi da tsada shi ake bar wa ɗawainiyarsa. Idan canjin wurin aiki ya zo, ko hutun ƙarshen shekara, sai tukunyar ta bi mota zuwa gida.

Ga wanda gidansa ko sabon wurin aikinsa yake Mubi, wannan tafiya babban gwaji ce ga shukar. Mubi na gindin duwatsun Mandara a arewacin Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, kuma gari ne na ma'aikata: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, ga jami'an kwastan da na shige-da-fice. Daminarta ta fi ta Abuja gajarta, hunturunta ya fi bushewa, zafin watannin Maris da Afrilu kuwa yakan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyos.

Labarin yakan zo iri ɗaya. Cikin makonni kaɗan furannin da ba su buɗe ba sun zube, ganye ya yi yaushi, mai shi ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, shukar ta ƙarasa ruɓewa. Yawancin okid ɗin da ke mutuwa a gidaje rashin fahimtar alamomi ne ke kashe su, domin ciwo biyu masu karo da juna kan nuna fuska ɗaya a ganye.

Shukar da ba ta zama a ƙasa

Dangin okid na daga cikin mafi yawa a tsirrai masu fure, nau'insu ya kai kimanin 28,000, har da banila da ake sa wa kek da askirim. Wanda aka fi sayarwa a tukunya shi ne *Phalaenopsis*, ɗan asalin dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, wanda manyan gonakin Taiwan da Holan ke rainonsa suna aikawa duniya.

A daji a jikin bishiya yake maƙalewa, saiwoyinsa na lilo a iska. Ba kauci ba ne, domin ba ya tsotson bishiyar da ya hau. Masauki kawai yake nema. Ruwan sama ya jiƙa saiwar, iska ta busar da ita cikin sa'o'i. Saboda haka wanda ya juye shi cikin ƙasar lambu ko takin shanu ya shaƙe shi ne. Abin da ya dace da tukunyarsa shi ne gutsattsarin gawayi, ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sosai, ɓawon itace da tsingaro, a cikin tukunya mai huji da yawa.

Idan ganye ya yi yaushi, a duba saiwa

Ganyen da ya yi laushi ya tattare kamar tsohuwar fata yana nuna ruwa ba ya isa gare shi. Dalili ɗaya ne cikin biyu: ko ba a ba shi ruwan ba, ko saiwar da za ta sha ta mutu. Ba a raba gardamar sai an zare shukar daga tukunya.

Lafiyayyiyar saiwa tana da kauri da tauri, launin azurfa idan ta bushe, kore idan ta jiƙa. Idan aka same ta haka amma a ƙanjame, ƙishirwa ce: a tsoma tukunyar cikin ruwa na minti 15, a ɗaga ta tsane sarai. Idan kuwa saiwar ta yi baƙi ko ruwan ƙasa, tana lugwigwicewa a hannu, fatarta na zamewa ta bar zare, ruɓa ce. Sai a gasa reza ko almakashi a wuta, a bari ya huce, a yanke duk abin da ya ruɓe, a zubar da tsohon abin da ke tukunyar, a sake dasawa a sabo, a jinkirta ruwa na kwana biyu ko uku.

Babu ranar ban-ruwa da ta dace da dukan shekara a Mubi. A watan Agusta tukunya kan yi fiye da mako ba ta bushe ba, a watan Maris kuwa kwana uku sun isa. A tura yatsa ko tsinke cikin tukunyar. Idan ya fito da danshi a ƙara haƙuri. A yi ban-ruwa da safe, kuma kada a bar ruwa ya kwanta a tsakiyar shukar inda sabon ganye ke fitowa. Idan ya shiga, a tsane shi da auduga. Ruɓar da ta fara daga wannan wuri ita ce mafi muni, domin daga nan shukar ke girma.

Ganye ɗaya na can ƙasa da ya yi rawaya a hankali ya faɗi ba ciwo ba ne, tsufa ne, kuma yakan faru sau ɗaya ko biyu a shekara. Abin tsoro shi ne rawayar da ta fara daga ganyen sama, ko ta kama ganye da yawa lokaci guda.

Kowane tabo da labarinsa

Ƙunar rana kan fito a gefen da ya fuskanci taga ko tsakar gida. Wurin ya fara yin fari, daga baya ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, a bushe kamar takarda, kuma ba ya yaɗuwa. Ba ya buƙatar magani. A janye shukar zuwa inda haske ke isa ba tare da rana ta taɓa ta ba, kamar bayan labule mai shara-shara a tagar gabas. Ganyen da ya ƙone ba zai koma daidai ba, amma a bar shi, domin sauran korensa na ci gaba da ciyar da shukar.

Tabon da ya yi kamar an ɗiga mai, mai ruwa-ruwa, mai wari, wanda ke faɗaɗa daga safe zuwa yamma, aikin bakteriya ne, kuma zafi da danshin damina ke rura shi. Yana iya cinye ganye cikin kwana biyu ko uku. A yanke ganyen nan take, a shiga cikin lafiyayyen kore kamar faɗin yatsa, a barbaɗa garin kirfa a bakin yankan don ya bushe. Kada kirfar ta taɓa saiwa, domin tana busar da ita. A ware shukar daga sauran, a daina yayyafa wa ganye ruwa.

Baƙin tabo mai zagayen rawaya da ke ƙaruwa a hankali yawanci funfuna ce. Maganinta na farko iska ne: a buɗe taga, a ba tukwane tazara, a cire ganyen da ya yi tsanani.

Akwai kuma ciwon da ba shi da magani. Idan sababbin ganye suna fitowa da zane-zane ko zobba masu rawaya, furanni kuma launinsu na rarrabewa, ana zargin bairos, ko da yake gwajin ɗakin bincike ne kaɗai ke tabbatarwa. Reza ɗaya da aka bi tukwane da ita ba a gasa ba ita ce babbar hanyar yaɗa shi. Shukar da ta kamu a nisanta ta da sauran.

Furen da ya zube bai buɗe ba

Wannan ne ya fi ɓata wa mai okid rai, kuma dalilansa na cikin gida. Ƙullin furen da bai buɗe ba ba ya jure canji na farat ɗaya: daga sanyin ofis zuwa zafin mota, daga danshi zuwa busasshiyar iskar hunturu, ko zama a saitin na'urar sanyaya ɗaki. Shukar da aka ɗauko daga Abuja da ƙulle-ƙullenta tana iya zubar da su a hanya ko bayan isowa, kuma hakan ba ya nufin ta mutu.

Akwai wata iska da ba a gani mai suna etilin, wadda ke sa fure tsufa da wuri. Ayaba da mangwaro masu nuna suna fitar da ita, haka ma hayaƙin janareta, risho da taba. Tukunyar da ke kusa da kwandon 'ya'yan itace, ko tagar da ke kallon janareta, ko ɗakin da ake turara turaren wuta kullum, tana cikin haɗari.

Okid na son danshin iska na kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, hunturun arewa kuwa kan sauke shi ƙasa da kashi 20. Dabarar ba ta da tsada. A zuba tsakuwa a faranti, a sa ruwa, a ɗora tukunyar a kan tsakuwar yadda gindinta ba zai taɓa ruwan ba. A tara tukwane wuri ɗaya. Gefen randa, inda jikin yumɓu ke tsatso danshi dare da rana, ya fi kan teburin falo dacewa. Ƙurar da ta lulluɓe ganye a goge ta da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Ƙananan ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a jikin buɗaɗɗen fure funfuna ce da ke zuwa idan fure ya kwana a jiƙe cikin ɗaki marar iska. A cire furen da ya kamu, a daina fesa wa furanni ruwa.

Ƙwari da gishiri

Farin abu kamar auduga a lungun ganye ƙwaro ne mai tsotso. Haka ma ƙananan ƙuraje masu ruwan ƙasa da ke ɓamɓaruwa idan an sa farce. Dukansu na barin danƙo irin na darɓa, wanda ke jawo kiyashi da baƙar funfuna. A lokacin hunturu kuma wasu ƙananan ƙwari dangin gizo-gizo kan mamaye bayan ganye har ya yi fari-fari kamar an shafa toka.

A tsoma auduga a sifirit a goge su ɗaya bayan ɗaya, ko a wanke ganyen da ruwan sabulu marar ƙarfi, ko a fesa man darbejiya da aka sirka, da yamma bayan rana ta yi sanyi. A maimaita duk mako har sau uku, domin ƙwai kan ƙyanƙyashe bayan an kashe manyan. Maganin ƙwari na gona irin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a 2019, ba abin fesawa ba ne a ɗakin da iyali ke kwana. Rayuwar yaro ta fi fure.

Idan bakin ganye na ƙonewa, kan saiwa na baƙi, farin ɓawo kuma ya taru a bakin tukunya, gishirin ruwa ne ko na taki. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da dama na ɗauke da ma'adanai masu yawa, don haka ruwan saman da aka tara ya fi. Takin masara, NPK ko yuriya, idan aka barbaɗa shi a tukunya yana ƙone saiwa. A yi amfani da taki mai narkewa, rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwali, kuma sau ɗaya a wata a kwarara ruwa zalla ya wanke tukunyar.

Manta-uwa, okid na gida

Kafin okid na kanti ya zo, ƙasar Hausa ta san nata. Likitan nan J. M. Dalziel, a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, ya kawo sunan manta-uwa ga wani okid da ke hawa bishiya, wanda masana ke kira *Ansellia*. An raɗa masa sunan John Ansell, wanda ya tsinto shi a tsibirin Fernando Po lokacin balaguron Turawan Ingila zuwa Kogin Kwara na 1841. Furensa rawaya ne mai dabbare-dabbare kamar fatar damisa, yakan zauna a wuyan giginya da goruba, kuma kaurin kararsa rumbun ruwa ne da ke fitar da shi rani. Akwai kuma dangin *Eulophia* da ke ɓuya a ƙarƙashin ƙasa su tsiro da farkon damina.

Waɗannan sun fi baƙon Asiya jure yanayi irin na Mubi, amma jurewar ba ta zama izinin kwasarsu daga daji ba. Ƙungiyar IUCN ta sa *Ansellia africana* cikin tsirran da ke fuskantar barazana, saboda sarar itatuwa da ɗibar masu magani da masu ado. Dukan dangin okid na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES da Najeriya ke ciki, kuma shigo da shuka daga waje na buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta NAQS. A garin iyaka irin Mubi, inda kaya ke shiga da fita kullum, jami'in gwamnati ne ya fi cancanta ya fara kiyaye wannan doka. Hanyar da ta dace ita ce a samu reshe daga shukar da wani ya riga ya raina a gida.

Abin da hunturu ke bayarwa

Mai okid da ganyensa ya yi kore shar mai duhu amma shekara ta zagayo babu fure, haske ne ya yi masa kaɗan. A matso da shi kusa da taga. Sauran aikin yanayin Mubi ne zai yi. *Phalaenopsis* na fitar da sabon karan fure ne bayan ya samu makonni na sanyi-sanyi, abin da manyan gonaki ke kashe kuɗi su samar da na'ura. Dararen Disamba da Janairu a gindin Mandara suna bayar da shi kyauta, muddin an kare shukar daga bugun iska da bushewa.

Don haka tukunyar da furanninta suka zube ba ta bola ba ce. Idan tsohon karan ya bushe a yanke shi daga tushe, a ci gaba da duba saiwa da bayan ganye sau ɗaya a mako. Daga fitowar sabon kara zuwa buɗewar furen farko yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, kuma shukar da aka fahimci halinta tana iya maimaita hakan shekara da shekaru.