Kuɗin kasuwa da lafiyar bisashenmu

Ƴan uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya taɓa kai akuya kasuwa ya san mai karɓar haraji. Ana biyan shi kuɗi, shi kuma ya ba da tike. Da yawa daga cikinmu muna biya muna gunaguni, domin ba mu san inda kuɗin suke zuwa ba. Yau za mu bi sawun kuɗin nan, mu ga yadda za su komo su tsare lafiyar bisashenmu.

Ina kuɗin suke zuwa?

A shekarar 2004 aka yi zaɓen kominoni na farko a duk faɗin Nijar. Tun daga lokacin kowace komin take da asusunta. Harajin kasuwar bisashe da na mahauta suna cikin abin da ke cika wannan asusu. A watan Afrilu na 2024 an rusa majalisun kominoni, aka naɗa waɗanda za su riƙe su. Amma asusun yana nan, kuma kowace shekara ana tsara yadda za a kashe kuɗin. A ƙasar kiwo, bisa ce ke ciyar da asusun komin. Saboda haka adalci ne wani kashi ya koma wajen kula da ita.

Hannuwa huɗu a kan aiki ɗaya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lafiyar garke tana bukatar hannuwa huɗu.

Na farko gwamnati ce. Ita ke tanadin maganin lamba. A Yamai akwai gidan binciken kiwo mai suna LABOCEL, inda ake haɗa irin wannan magani. Kowace shekara ana fita yin lamba kyauta, domin kare shanu daga ciwon huhu, a kare tumaki da awaki daga annobarsu.

Na biyu likitan bisashe ne mai zaman kansa. A shekarar 2003 wata ƙungiyar likitocin bisashe ta ƙasar Beljik da ƙungiyar Karkara ta Nijar suka fara wani tsari a Dakwaro da Abalak. Likita yana buɗe gidan magani a cikin gari. Ana zaɓen mataimaka daga cikin makiyaya, a horar da su, su zauna a ƙauyuka da rugage. Gwamnati tana ba likitan izinin yin lamba, ana biyan shi ladan aikin. Daga baya tsarin ya bazu zuwa wasu gundumomi.

Na ukku komin ce. Na huɗu kuwa mu ne, masu bisashe.

Mine ne aikin komin?

Maganin lamba ba ya jure zafi. In ya kwana cikin zafi sai ƙarfinsa ya mutu, a yi wa bisa allura a banza. Dole a ajiye shi cikin firigo, a ɗauke shi cikin akwatin ƙanƙara. Mai yin lamba kuma yana bukatar mai a motarsa kafin ya kai ruga mai nisa. A nan taimakon komin yake da amfani.

Da kuɗin haraji komin za ta iya gina shingen ƙarfe inda ake tara shanu a yi masu lamba. In babu shinge, sai an kada saniya da igiya, aikin ya yi nauyi, wani lokaci ma bisa ko mutum ya ji ciwo. Komin za ta iya gyara mahauta, domin a duba nama kafin a sayar. Za ta iya sa ruwa da inuwa a kasuwar bisashe. Za ta iya taimakon rumbun dusa da gurya, wanda ke ceton garke in rani ya yi tsawo.

In komin da likita za su yi aiki tare, ya kamata a rubuta yarjejeniya. A faɗi abin da kowa zai kawo, da ƙauyukan da za a je, da ranakun zuwa. Abin da aka rubuta shi ake iya bin bahasinsa.

Don mi za mu kai garke duka?

Annobar tumaki da awaki tana farawa da zazzaɓi. Ido da hanci su riƙa zuba, baki ya yi gyambo, sannan zawo ya biyo baya. Allura guda tana kare bisa aƙalla shekara ukku. Ana tsaga kunnen wadda aka yi wa, domin a gane ta. Lambar ciwon huhu kuwa kowace shekara ake sake ta, domin ƙarfinta ba ya daɗewa.

Wanda ya ɓoye rabin garkensa ya bar wa ciwo ƙofa. Bisashenmu rijiya guda suke sha, burtali guda suke bi. Tsofaffinmu suna tuna bushiya, wadda ta ƙare garkuna a da. Da lamba aka yaƙe ta, har aka shelanta ƙarewarta a duniya a shekarar 2011. Yanzu ƙasashe sun ɗauki niyyar kawar da annobar tumaki da awaki nan da 2030.

Abin da ya rage gare mu

Mu biya harajin kasuwa, amma mu karɓi tike. Kuɗin da aka ba da babu tike, ba lalle su kai asusun komin ba.

Mu haɗu cikin ƙungiya, maza da mata, mu je ma'aikatar komin lokacin tsara kasafin kuɗi. Mu tambaya nawa kasuwarmu ta shigar bana, nawa aka ware wa kiwo.

Lamba kyauta ce, amma maganin tsutsar ciki da na sauran cututtuka saye ake yi. Mu saya wajen likita ko mataimakinsa. Mu guji maganin da aka baza a rana a bakin kasuwa.

Mu tausaya wa jaki da san noma. Kada mu aza masu kaya fiye da ƙarfinsu, kada mu ɗaura amalanke a kan gyambo.

Akuya guda tana iya zama kuɗin magani ko na karatun yaro. In ta mutu, gida ne ya yi asara. Ranar da aka yi shelar lamba, mu fito da garke duka.