Ƙaro: Daga Tawadar Madabo Zuwa Rijiyar Mai

A Madabo, tsohuwar cibiyar ilmin Wangarawa a birnin Kano, an daɗe ana jiƙa ƙaro cikin tawada domin ta yi kauri ta kama allo. Wannan siffa ta ƙaro ce masu nazarin haƙar man fetur suke gwadawa a yau.

Idan aka tura ruwa ƙarƙashin ƙasa don ya koro ɗanyen mai, yakan bi inda ya sami sauƙi, ya bar galibin man maƙale a dutse. Dabarar ita ce a kaurara ruwan da sinadarin polima, kamar yadda ake yi a Daqing ta ƙasar Sin tun 1996. A ɗakin gwaji, ɗalibi yakan cika bututu da yashi, ya jiƙa shi da mai, ya tura ruwa zalla, sannan ruwan ƙaro, ya auna man da ya ƙaru. Rauninsa shi ne sai an zuba shi da yawa kafin ruwa ya kaurara.

Mai fassara wannan darasi zai tarar kauri da yauƙi da danƙo ba abu ɗaya ba ne. Kunu kauri gare shi, kuɓewa yauƙi, ƙaro kuwa danƙo. Abin da na'ura ke aunawa ya fi kusa da kauri.