Daga akwatin magani zuwa babbar likita: tarihin tsarin kiwon lafiya a Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa

0. Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe takardun ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar zai tarar an zana tsarin gidajen likita kamar tsani mai hawa uku. A ƙasa akwai gunduma da ƙananan ɗakunan maganinta na ƙauye, da cibiyoyin da ake kira CSI, da likitar gunduma. A tsakiya akwai likitocin jaha. A sama kuma manyan likitocin ƙasa. Zanen yakan sa mai karatu ya zaci wani ne ya zauna rana ɗaya ya tsara abin daga tushe har kai. A cikin wannan maƙala muna son mu nuna cewa ba haka ya kasance ba, ta hanyar ɗaukar misalin birnin Maraɗi da garuruwa biyu da ke gefensa, wato Tsibirin Gobir, kimanin kilomita 12 a arewa maso yamma, da Jiratawa a kudu. Hannuwa da yawa ne suka yi ginin, kowane da dalilinsa, kuma tambaya ɗaya ce ta bi su duka: wa zai biya kuɗin magani?

Kafin mu shiga, sai mu tuna wa mai karatu na wajen Kano cewa a hausar Nijar kalmar "likita" tana nufin mai ba da magani, tana kuma nufin gidan da ake ba da shi. A nan za mu yi amfani da ita a ma'anoni biyun, kamar yadda mutanen wurin suke yi.

1. Abin da aka gada

Nasara bai tarar da fili ba kowa ba. Akwai wanzami da maɗori da ungozoma da boka da malami mai rubutun sha, akwai kuma ƴan bori ƙarƙashin Iya a fadar Maraɗi da Inna a fadar Tsibiri. Abin lura game da su, dangane da tambayarmu, shi ne an san yadda ake biyansu: da hatsi, da kaza, da ɗan abin da ya sawwaƙa, sau da yawa ma sai an ga sauƙi.

Likitar nasara ta zo da wata ƙa'ida dabam. A 1905 aka kafa hukumar Assistance médicale indigène a yankin Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, a 1918 kuma aka buɗe makarantar horar da likitoci ƴan Afirka a Dakar. Magani kyauta ne a takarda, ma'ana lanho ne ke biya. Sai dai gidajen kaɗan ne, kuma suna inda komandan yake. Maraɗi ta zama cibiyar mulki a 1927, bayan an ɗauke ta daga Tasawa, sa'annan ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin da ke cikin fadamar gulbi, aka sake shata sabo a kan tudu; a wannan sabon garin ne gine-ginen hukuma suka zauna. Baƙauye kuwa abin da ya sani na likita shi ne ayarin masu lamba da ke zagayawa, musamman bayan kafa hukumar yaƙi da manyan cututtuka a 1945, mai mazauni a Bobo-Diyulaso. Su zo, a tara mutane da umarnin sarki, a yi allura, su wuce.

Hannu na biyu shi ne na mishan. Ƙungiyar SIM ta zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, kuma Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006 irin ɗari-ɗarin da hukumar Faransa ta yi ta yi da waɗannan turawa masu jin ingilishi, waɗanda tushensu yake Nijeriya. Sai a 1950 suka buɗe likitar Galmi a jahar Tawa, a 1956 kuma gidan kutare na Danja, wanda yake cikin ƙasar Jiratawa. Da maganin kuturta na haɗin ƙwayoyi ya bazu daga shekarun 1980, tsare kuturu shekara da shekaru ya daina zama dole, sai Danja ta koma karɓar marasa lafiya iri-iri. A 2012 aka ƙara mata sashen aikin yoyon fitsari.

2. Akwatin magani

Wannan shi ne babin da jahar Maraɗi ta rubuta da kanta, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. A shekarun farko bayan samun ƴanci a 1960, likitocin ƙasar duka ba su taka kara sun karya ba, kuma ba wanda ya ga hanyar gina gidan magani a kowane ƙauye. Sai ma'aikatan lafiya da na hukumar wayar da kan manoma, wato Animation rurale, suka juya tambayar: in likita ba zai iya zuwa ƙauye ba, me ƙauyen zai iya yi wa kansa? Aka ce kowane gari ya zaɓi mutanensa. Mazan, waɗanda ake kira secouriste, a yi musu horo na kwanaki kaɗan a likita mafi kusa, a ba su akwati mai ɗauke da nibakin da asfirin da maganin ciwon ido da na wankin miki. Matan kuwa ungozomomin garin ne na asali, a koya musu tsabtar hannu da ta yankan cibi, da gane naƙudar da ta fi ƙarfinsu. Ba albashi. Ƙwayar magani ana sayar da ita da ɗan kuɗi kaɗan, a tara, a sake cika akwatin, ma'aikacin jinya kuma ya riƙa zagayowa yana dubawa.

Abin ya yi suna har waje. A 1975 Guy Belloncle da Georges Fournier suka fitar da littafi a kansa, mai suna Santé et développement en milieu rural africain. A shekarar kuma hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta buga wani littafi ƙarƙashin jagorancin Kenneth Newell wanda ya jera misalan ƙasashe kamar Sin da Kuba da Tanzaniya, kuma babi guda a cikinsa na jahar Maraɗi ne, daga alƙalamin Fournier da Djermakoye. Shekara uku bayan haka aka yi taron Alma-Ata na 1978. Ɗalibanmu sukan rubuta cewa kiwon lafiya matakin farko daga Alma-Ata ya zo mana. Gaskiyar ita ce ƙauyukan Maraɗi suna cikin wuraren da Alma-Ata ta koya daga gare su.

To, me ya kashe shi? A ganinmu abu biyu ne, kuma duka na kuɗi ne. Na farko, aikin sa kai yana da iyaka: manomin da za a tasa daga gona da damina don ya ɗaure miki, ba a ba shi ko dala ba, wata rana zai ƙi tashi. Na biyu, akwatin ba ya rayuwa sai da zagayen mai dubawa, zagaye kuwa sai da mota da mai. Muddin kuɗin yuraniyom na shigowa, a zamanin Seyni Kountché, an faɗaɗa tsarin zuwa sauran jahohi da taimakon Amurka. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, zagaye ya yi wuya, akwatuna suka bushe, wasu masu akwatin suka koma sayar da magani don kansu.

3. Gunduma da biyan kuɗi

A ƙarshen shekarun 1980 magani kyauta ya rage suna kawai. Majinyaci ya je likita, a duba shi ba ko sisi, a miƙa masa takarda ya je farmasi ya saya da tsada, ko ya nufi masu talla a kan tire, waɗanda kayansu ke ƙetarowa ta Ɗan Isa daga Jibiya da Katsina. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga Turai.

Amsar da aka kawo tana da ƙafa biyu, duka kuma na 1987 ne: taron Harare, wanda ya ce a gina tsarin a kan gunduma, da shirin Bamako, wanda ya ce jama'a su biya wani abu, kwamitinsu ya riƙe asusun, a sayo magani mai rahusa. Nijar ta gwada hanyoyin biyan a Boboye da Sayi a 1993 zuwa 1994, aka ajiye Ilela don kwatanci, sa'annan dokar 1995 ta shimfiɗa biyan kuɗi a ƙasa baki ɗaya. Aka raba ƙasar gundumomin lafiya 42, aka haɗa aikin jinya da rigakafi da awon ciki a gida ɗaya, shi ne CSI, ƙarƙashin ma'aikacin jinya da kowa ke kira majo. Dole a faɗi cewa magani ya dawo kan kanta. Dole kuma a faɗi cewa wanda ba shi da kuɗin, musamman a watannin da rumbu ya ƙare, gida ya zauna.

A nan ne garuruwanmu biyu suke da abin koyarwa. An yanka gundumomin lafiya ne bisa iyakokin mulki. Tsibiri tana cikin Gidan Runji, Jiratawa tana cikin Madarunfa. Bisa tsani, matar da naƙuda ta gagara a Tsibiri likitar gundumarta tana Gidan Runji, kimanin kilomita 40 yamma, alhali birnin Maraɗi yana bayanta kusa, a kan hanyar kwalta ɗaya, kuma can ne ƴan'uwanta suke cin kasuwa, can ne za ta sami mai kawo mata abinci. Ba sai an tambaya ina danginta za su fi son kai ta ba. Sakamakon haka shi ne likitocin birni suna ɗaukar nauyin mutanen da lissafin gundumarsu bai ƙirga ba, su kuwa alƙaluman gundumomin kewaye ba sa nuna duk abin da ya sami mutanensu. Mai bincike da ya ɗauki rahoton gunduma a matsayin hoton lafiyar mazaunanta, ya yi hattara da wannan. Haka abin yake ta kudu, inda iyakar ƙasa ma ba ta tare kowa ba: cutar amai da gudawa ta 2018, wadda ta kama mutane fiye da 3.800 a Nijar, an fara ganinta ne a gundumar Madarunfa, a jikin majinyatan da suka zo daga Jibiya.

4. Ɗakunan ƙauye, tamowa da magani kyauta

Daga 2001 shiri na musamman na shugaba Mamadou Tandja, da kuɗin yafe bashi, ya gina ɗakunan magani na ƙauye, case de santé, kusan 2.000 cikin shekaru kaɗan. Tsohon akwati ne ya dawo, amma wannan karon da ɗaki da ma'aikaci mai horon watanni da ɗan abin hannu a ƙarshen wata.

Sai yunwar 2005. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda take Maraɗi tun 2001, ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara, akasarinsu a jahar Maraɗi, kuma ɗaya daga cibiyoyinta na kwantarwa a Tsibiri take. Sabon abin da aka gani shi ne yawancin yaran ba a kwantar da su ba: a ba uwa ƙunshin Plumpy'nut, wani haɗin gyaɗa da madara da sukari, ta koma gida, ta dawo mako mai zuwa a auna. A 2007 aka raba wani irinsa na rigakafi ga yara kimanin dubu 60 a gundumar Gidan Runji. Abin mamaki ne, ko da yake bai kamata ya zama ba, cewa jahar da ake kira rumbun ƙasa ita ce cibiyar tamowa. Ƙarancin gona ga mai ƙaramin ƙarfi, da bashin hatsi, da zazzaɓin damina ne suka haɗu. Wannan hannu na waje kyauta yake aiki, da motocinsa da ma'aikatansa, a gefen CSI da ke karɓar kuɗi, kuma gwamnati ba ta ji daɗin hoton da yake nunawa ba: a Yulin 2008 ta dakatar da reshen Faransa na ƙungiyar, ƙungiyar likitocin Nijar ta FORSANI ta ɗauki wani ɓangare na aikin a Madarunfa.

A 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauke biyan kuɗin fiɗar haihuwa, da awon ciki, da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Iyaye mata suka cika gidajen likita. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin 1.000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ya kuma danganta hakan da ɗakunan ƙauye da magani kyauta da gidan sauro da yaƙi da tamowa. Ba ƙaramin abu ba ne. Amma tsarin shi ne CSI ta yi aikin, ta aika takardar kuɗi Yamai, ta jira. Masu bincike na cibiyar LASDEL, ciki har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun nuna yadda jiran yakan kai shekaru, bashin ya taru har biliyoyin sefa, asusun kwamiti ya ƙare, majo ya koma rubuta takardar farmasi kamar a 1989.

5. Saman tsani

Birnin da ke da mutane wajen dubu 45 a ƙidayar 1977, ya kai dubu 110 a 1988, ya kai dubu 267 a 2012, a cikin jaha mai mutane miliyan 3,4. Tsohuwar likitar jaha ba ta iya ɗauka ba. Aka ƙara cibiyar uwa da yaro, sa'annan a zamanin Mahamadou Issoufou aka gina babbar likita ta Maraɗi, Hôpital de référence, mai gadaje fiye da 500. Jami'ar da aka kafa a 2010, wadda ta ɗauki sunan Dan Dicko Dankoulodo, ta sami tsangayar kiwon lafiya. Har ma gwajin maganin rigakafin gudawar yara mai jure zafi, wanda aka buga sakamakonsa a 2017, a ƙauyukan Madarunfa aka yi shi.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka har zuwa Fabrairun 2024, magani ya yi ƙaranci ya yi tsada. A Agustan 2024 hukumomin soja suka rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a gidajen likita na gwamnati, suka mai da haihuwa kyauta, daga 1 ga Satumba. Wannan ya sauƙaƙa wa mai zuwa daga Tsibiri ko Jiratawa, sai dai rabin da aka ɗauke masa yana cikin kuɗin da CSI take sayo magani da su tun dokar 1995, kuma kamar a 2006, daga baitulmali ake jiran cikonsa.